Baba Taƙi da Lambun Bayan Ɗakin Yara

Kafin a buɗe ƙofar asibitin ga masu zuwa ganin likita, shi ya riga ya iso. Tun daga bakin ƙofa yake sauka daga kekensa, don a wurinsa rashin kunya ne mutum ya wuce marasa lafiya a kan keke. Sai ya tura shi ta gefen ɗakin wanki, ya jingine a jikin tankin ruwa, ya cire rigarsa ta fita ya rataya a ƙusa, ya zura wata shuɗiya da wanki ya cinye launinta. Daga nan ya buɗe wata 'yar ƙofar langa-langa ya shiga lungunsa.

Lungu ne na gaske, tsakanin bangon ɗakin da ake kwantar da yara da katangar asibitin. Faɗinsa taku huɗu, tsawonsa taku goma sha ɗaya. Da ya fi haka tsawo, kuma za mu zo kan yadda aka yi ya ragu. Idan ya shiga ba ya fara ban ruwa. Sai ya bi shukar a hankali, ya ɗaga wannan ganye ya duba bayansa ko akwai tsutsa, ya soka yatsa a ƙasa ya ji damshinta. Sannan ya ɗauki buta ya shayar da su a gindi, ba a ka ba. Kafin ƙarfe takwas ya yanko abin da za a dafa ranar, ya wanke, ya ajiye a tagar kicin. Sai kuma ya ɗauki tsintsiya da baro ya tafi aikinsa na ainihi, domin a takardar ɗaukar aiki shi mai shara ne da yankan ciyawa. Shekara ashirin da tara ke nan, kuma babu inda aka rubuta masa lambu.

Ma'aikata da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Baba Taƙi kowa ke ce masa, saboda duk wanda ya leƙa lungun zai same shi ya buɗe hannu a kan ƙasa, babban yatsa a nan, ɗan tsakiya a can, yana auna tazarar da zai bari tsakanin shuka da shuka. Sababbin nas-nas kan ji sunan su ɗauka Baba Taki ne, na zuba wa gona. Ba ya jin haushi. Dariya yake yi ya ce, "Duka biyun nawa ne, 'yata. Amma taki kowa ya san shi. Taƙin ne mutane ke mantawa."

Shi ma ba da saninsa ya zo ba. Lokacin da aka ɗauke shi aiki yana matashi, lungun nan juji ne, an jibge karyayyun gadaje da tsofaffin kujeru. Wata rana yana sharar barandar ɗakin yara sai ya ji nas tana sallamar wata uwa wadda ɗanta ya kwanta saboda rama da kumburi. Nas ɗin tana lissafa mata abin da za ta riƙa ba yaron, har da ganye da kayan lambu kullum. Matar tana ta gyaɗa kai. Da ta fito ta wuce ta gabansa, sai ya ji ta ce da 'yar'uwarta ƙasa-ƙasa, "Kullum? A ina?" Bayan wata biyu ya sake ganinta a barandar nan da yaron nan, ya fi da lalacewa.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya nemi izinin babbar nas ta wancan lokaci, ya kwashe tarkacen lungun shi kaɗai, ya sassaƙe ƙasa, ya samo iri ya watsa da hannu biyu. A tunaninsa, tunda wurin ƙarami ne, sai a cika shi maƙil. Suka fito kuwa, kore shar, har masu wucewa na tsayawa kallo. Sati uku suka fara rawaya. Alayyafo ya yi tsawo siriri yana neman rana, ya kwanta a kan ɗan'uwansa, ƙasansa ya ruɓe. Karas ɗin da ya tono bai fi tsinke kauri ba.

Innar Kicin, mai dafa abincin ɗakin yara, wadda tare suka fara aiki kuma har yau ba ta daina tsokanarsa ba, ta ɗaga karas ɗin a gaban jama'a ta ce, "Jama'a ku zo ku ga amfanin gonar babban manomi. Wannan dafawa zan yi ko sakace haƙori?"

Ya ji kunya ƙwarai, har ya yi kwana biyu bai leƙa lungun ba. Rana ta uku ya koma ya tsuguna yana kallon ɓarnar, sai ya lura da wani abu: a can gefe, inda iri ya faɗi tsilla-tsilla bisa kuskure, shukar ta yi ƙiba, ganyenta ya yi faɗi. Ya tuge komai, ya raba wurin gida uku. Kashi ɗaya ya shuka a matse, ɗaya a warwatse, ɗaya tsaka-tsaki. Ba shi da littafi, ba shi da malami, abin awonsa hannunsa ne. Ya yi shekaru yana wannan gwaji, kowane irin shuka da nata, har ya san su kamar yadda uwa ta san cin kowane ɗa.

Abin da ya gano ba shi da yawa, kuma duk wanda ya tambaya zai faɗa masa a tsaye. Karas yatsa uku tsakaninsa da ɗan'uwansa. Albasa faɗin tafin hannu. Latas taƙi guda. Tumatir da kabeji kamu guda, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, kuma tumatir sai an kafa masa sanda an ɗaure shi ya tafi sama maimakon ya baje. Ba ya jera shuka layi-layi kamar sojoji. Uku-uku yake dasa su, kamar duwatsun murhu, ta yadda idan sun girma ganyen kowace zai taɓa na maƙwabciyarta kawai, ƙasa ta rufu, ciyawa ta rasa wurin fitowa, damshi ya daɗe. Kwamin shukarsa, wato kowane yankin da ya kewaye don dashe, ba ya wuce faɗin da hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe, saboda ƙafa ba ta taka inda saiwa take. Tsakanin kabeji mai jan lokaci sai ya soka latas mai saurin nuna, kafin kabejin ya buɗe an riga an yanke latas ɗin. Masu tsawo suna jikin katanga don kada su tare wa gajeru rana. Shi ke nan ilimin. Amma da shi ne kicin ɗin ɗakin yara ya daina dafa abinci ba ganye.

Kai ne, Baba, wanda aka yi wa dariya a gaban mutane, ka koma ka tsuguna ka tambayi ƙasa laifinka maimakon ka ɗora mata nata. Mutum nawa ne a cikinmu ke iya haka?

Da lambun ya kankama sai ya ga ciyar da yara a asibiti bai isa ba, tunda gida za su koma. Ya roƙi nas-nas duk uwar da za a sallama a turo ta bayan ɗaki. A can zai nuna mata da hannunta, ya ba ta ɗan ƙullin iri da shi ya tara. Wasu su saurara, wasu su karɓa don kunya su jefar a hanya. Ya san da haka, bai fasa ba.

Wadda ma'aikata suka fi tunawa ita ce Maman Tagwaye. Sau biyu aka kwantar da 'yan biyunta mata a cikin shekara ɗaya, a karo na biyun ma ƙaramar ta galabaita har an fara cire rai. Likitoci suka yi aikinsu, Allah ya tashi kafaɗar yarinyar. Ranar sallama aka turo uwar lungun, ta zo da ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, fuskarta a ɗaure, ta gaji da a yi ta gaya mata abin da ba ta yi daidai ba. Ya nuna mata, ta karɓi ƙullin ta tafi.

Bayan sati uku ta dawo awon yaran, ta zarce lungun kai tsaye.

"Baba, irinka ba shi da kyau."

"Subhanallahi. Me ya yi miki, 'yata?"

"Ya fito kamar gashin kai, har na yi murna. Yanzu duk ya yi rawaya ya kwanta."

"Nawa kika zuba?"

"Duka mana."

"Duka ƙullin? A baho ɗaya?"

"To Baba, baho ɗaya gare ni. Ko filin noma ka ba ni?"

Ya yi murmushi, don ya tuna da kansa. Ya ce, "Ai na ce idan sun fito ki rage su."

Ta gyara goyonta. Can ta ce, "Na tsuguna zan rage. Hannuna ya ƙi. Abu ya fito da ransa, ni ce zan zaɓi wanda zai tsaya da wanda zai tafi?"

Baba ya dubi yaran biyu, ya dubi uwarsu. Ya tambaye ta kwatancen gidansu kawai.

Ranar hutunsa ya ɗauki matarsa suka nufi gidan, don bai ga dacewar ya shiga gidan mutane shi kaɗai ba. Matar tasa kan ce latas ɗin asibiti ya fi ta ganin fuskar mijinta, amma ita ce ta riƙo buhunan da babu komai a ciki da tsohon gidan sauro. Gidan haya ne mai ɗaki tara kewaye da tsakar gida ta siminti, famfo ɗaya, igiyoyin shanya sun sassarƙe a sama. Rabon Maman Tagwaye a tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma ba, a ƙofar ɗakinta. Baba ya gaisa da mutanen gida, ya nemi kujera ya zauna, ya yi ta kallon ƙasa har maƙwabta suka fara raɗa ko tsohon lafiya yake. Inuwa yake kallo. Sai da ya tabbata rana na sauka a gefen hagu na ƙofar daga hantsi har bayan azahar, sannan ya miƙe.

Ya kifa bahon ya ga ko huda ɗaya babu, ruwa kwance a gindinsa. Ya huda shi da ƙusa. A cikin shukar da ta lalace akwai 'yan tsirarun alayyafo a gefe masu sauran rai. Ya ce mata, "Zo ki tsuguna. Wanda za ki tuge ba zubarwa za ki yi ba. Yau za ki wanke shi ki sa wa yaran nan a abinci. Shi ya fara yin aikinsa ke nan, sauran su biyo baya."

Ta dube shi. "Ana ci tun yana ƙarami haka?"

"Ya ma fi taushi."

Sai ta sa hannu. Ta tuge na farko a hankali, ta karkaɗe ƙasar saiwarsa, ta ajiye a faranti. Na biyu bai yi mata wuya ba. Da aka zo awo ta buɗe hannunta kusa da nasa ta ce, "Baba, ai taƙina bai kai naka ba."

"Ki ƙara yatsa biyu. Naki ne zai zauna a gidan nan, ba nawa ba."

Suna cikin cika buhuna da ƙasa mijinta ya shigo, mai dako ne a tashar mota, gumi ya jiƙa masa riga. Ya gaishe da Baba cikin ladabi, ya kalli buhuna uku da baho ɗaya, ya kasa riƙe dariya. "Baba, Allah ya ba ka lada, amma wannan ai wasan yara ne. Me zai fito a nan da zai ƙosar da mutum?"

"Ba ƙoshi na kawo maka ba, ɗana. Ƙoshi aikinka ne. Ni ganyen da za a sa a kai kullum na kawo. Tumatir ɗaya a buhu ɗaya, kada ka bari ta ƙara ko da ta roƙe ka."

Suka rufe wurin da gidan sauron saboda kajin maƙwabta, suka tafi.

Babbar nas ta yanzu, wadda kowa ke kira Sista, ita ta ba da sauran labarin. Ta ce bayan wata biyu Maman Tagwaye ta zo awo da damin alayyafo a leda, ta dire a kan teburin nas-nas ta ce a kai wa Baba ya gani da idonsa. Mijin da ya yi dariya shi ya samo katakai ya haɗa mata kanta mai hawa uku a jikin bango, buhu uku suka zama tara. Sista ba mai ƙarin gishiri ba ce. Ta ce ganye kaɗai ba ya raya yaro, akwai magani, akwai sauran abinci, akwai kulawar uwa. Amma tagwayen nan ba a sake kwantar da su a ɗakinta ba, kuma yanzu suna aji huɗu. Ta ce a gidan hayar nan, ɗaki shida cikin tara akwai buhu a ƙofa, kuma Baba sau ɗaya tak ya taka gidan.

Yanzu sai maganar yadda lungun ya ragu.

Shekara shida da suka wuce, wata rana da tsakar rana wuta ta ɗauke. Akwai wani jariri a ɗakin yara da na'ura ke taimaka wa numfashi. Babban injin wutar asibitin yana can ɗaya ɓangaren, ranar kuma ya ƙi tashi da wuri. Baba yana yankan ciyawa ya ga nas ta fito a guje da jaririn a ƙirjinta, takalminta ɗaya ya cire ba ta waiwaya ba, uwar na binta tana salati. An ceto yaron da ƙyar. Bayan wannan ne hukumar asibitin ta samo wa ɗakin yara janareta nasa na kansa. Injiniya ya zagaya da abin awonsa, ya ce wurin da ya dace shi ne ƙarshen lungun Baba, inda babu taga kusa kuma waya ba za ta yi nisa ba. Taku goma yake so, cikin ashirin da ɗaya.

Nan ne ƙasar ta fi kyau. Shekara ashirin da 'yan kai yana zuba mata ɓawon kayan miya da busasshen ganye, har ta yi baƙi, tana marmashewa a hannu. A lokacin ma tumatir ya yi 'ya'ya jingim, saura kwana goma ya nuna.

Sista ta same shi a lungun, ranta a ɓace. Ta ce, "Baba, ba zan yarda ba. Yanzu zan je ofis in ce a nemi wani wuri. Ba a ma tambaye ka ba."

Ya goge hannunsa a riga. "Ranki ya daɗe, in an nemi wani wurin, yaushe za a kunna injin?"

"Sai an sake zane, an jawo waya daga nesa. Wata uku, ko huɗu."

"In nan ne fa?"

"Sati biyu."

Ya daɗe yana kallon tumatir ɗin. Sannan ya ce, "Sista, ni na tsinci takalmin yarinyar nan da ta fito a guje, na kai mata. Kada ki je ofis. Ki roƙar min kwana uku kawai."

Aka ba shi kwana ukun. Abin da ya yi da su shi ne kwashe ƙasar. Ya ce simintin da za a zuba wa injin ya hau kan ko'ina amma ban da ita. Da shebur da buhuna, bayan ya gama shararsa, ya ɗebe ta har zurfin kamu guda, ya jera buhunan a jikin katanga, sun fi sittin. Yana da shekara hamsin da huɗu a lokacin. Masu gadi biyu suka ga abin ya yi yawa suka zo suka kama masa. Innar Kicin ta ce rana ta ƙarshe ya zo tagarta da ɗanyen tumatir cike da gaban rigarsa, kore fatau, ya zube mata ya ce ta rufe su a kwali za su nuna. Ta buɗe baki za ta tsokane shi kamar kullum, ta ga idonsa, ta rufe bakinta. Ta ce a shekarun da suka yi tare, ranar ce kaɗai ta rasa abin faɗa masa.

Kowa ya ɗauka lambun ya mutu ke nan, ko ya zama na ado. Shi kuwa sai ya koma ɗalibi. Ya fara da kuskure: ya matse kabeji ƙasa da kamu don ya samu wuri, suka fito da kai kamar dunƙulen hannu. Ya yarda cewa tazara ba ta raguwa don mai lambu ya shiga matsi. Sai ya sallami kabejin gaba ɗaya, ya ce baƙo ne mai cin wuri wata uku don ya ba da kai ɗaya. Ya maye gurbinsa da ganyayen da ake yanka su sake tohowa. Ya ɗaura wayoyi a katanga, wake da kokwamba suka hau sama. Buhunan ƙasar nan ya jera su hawa-hawa a kan katakai, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ya ware wani faranti mai faɗi yana renon iri a ciki, ta yadda ranar da ya tuge wani abu, ranar zai dasa wani a gurbinsa, ƙasa ba ta kwana a banza. Bai mayar da duk abin da ya rasa ba, kuma bai taɓa cewa ya mayar ba. Innar Kicin, wadda ita ke karɓa, ta ce daga rabin wuri yana kawo mata kusan kashi uku cikin huɗu na da. Janaretan kuma yana nan yana ruri a bayansa duk lokacin da wuta ta ɗauke, shi ne ma ke share masa ƙura.

Kai ne, Baba, mai lambun da ya tuge lambunsa da hannunsa don yaron da bai san sunansa ba. Ba a roƙe ka ba, ba a gode maka a takarda ba, kuma ba ka taɓa ba da labarin da bakinka ba. Sai da muka bi wasu muka ji.

Watan jiya ya ajiye aiki. Asibiti ya shirya masa ɗan taro a ɗakin ganawa da ƙarfe goma sha biyu: an jera kujeru, an kawo lemo, an naɗe agogon bango a takarda mai ƙyalli. Matarsa da 'ya'yansa sun zo sun zauna a gaba. Sista ta riƙe jawabinta, a ciki har da albishir cewa hukuma ta amince a sa lambun cikin aikin mata biyu masu shara da ya daɗe yana koya wa. Sha biyu ta yi, ta wuce da kwata, babu Baba. Babban likita, mutum mai tsare lokaci wanda ma'aikata ke shakka, ya dubi agogonsa sau biyu, ya miƙe ya ce shi zai nemo shi.

Ya same shi a lungun da rigarsa ta fita, ya naɗe hannunta, ya durƙusa a gaban wani bokiti. Kusa da shi wani tela ne da aka sallami 'yarsa a safiyar ranar, mutumin da matarsa ta rasu bara ta bar masa yarinyar. Tana tsaye riƙe da wandon ubanta. A bene suke haya, ba su da ko tsakar gida, sai wata 'yar baranda mai faɗin taku ɗaya. Baba ya ɗago ya ga likita, bai ko tashi ba, ya ce, "Yawwa, ranka ya daɗe, ɗan karkata min bokitin nan ya ga hudar." Likita ya tattare farar rigarsa ya durƙusa ya riƙe bokiti.

Telan ya auna da hannunsa yadda aka nuna masa, ya soka tsiro biyu, zai soka na uku Baba ya riƙe masa hannu. Mutumin ya yi dariya ya mayar. Sannan ya ce, "To Baba, in na je ya ƙi yi fa?"

"Sai ka dawo ka same ni a nan, kullum ina..." Ya tsaya. Ya dubi lungun, ya dubi likita. Sai ya ce, "A'a. Daga gobe ba na nan. Kana da abin rubutu? Likita, ara masa biro." Ya yi wa telan kwatancen gidansa tiryan-tiryan, daga inda zai sauka a mota har launin ƙofa, ya sa shi ya maimaita. Sannan ya dafa kafaɗar likita ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya wanke hannu, suka tafi taron tare, wandon babban likita duk ƙasa.

Da aka ba shi dama ya yi magana, cewa ya yi ya gode, a yafe masa in ya ɓata wa wani, kuma a riƙa rufe 'yar ƙofar lungun saboda awakin unguwa. Ya zauna.

Baba, tunda kai ba ka iya dogon jawabi ba, mu bari mu yi maka. Mun gode. Iyayen da suka fita daga ɗakin nan da ƙullin iri a bakin zane sun gode, har da waɗanda ba su san kai ne silar buhun da ke ƙofar maƙwabciyarsu ba. Yaran da suka girma ba su sake ganin gadon asibiti ba sun gode, ko da ba za su taɓa jin labarinka ba.

Mu kuma da muke karantawa, kada mu tsaya a yabo. Mafi yawanmu muna da wani ɗan wuri da muka raina, bayan ɗaki, gefen famfo, kan baranda, muna jiran ranar da za mu samu fili. Mu huda bokiti mu fara. Wanda ya iya ya nuna wa maƙwabcinsa da hannu, ya koma ya duba ko ta yi. A wuraren aikinmu kuma akwai masu tsintsiya da muke wucewa kullum ba mu san abin da suke ɗauke da shi ba. Gobe mu tsaya mu gaishe su da kyau, mu tambaye su.

Telan ya je gidan, an ce, sati biyu bayan taron, da 'yarsa da bokitinsa, kuma ya tarar da wasu mutum biyu sun riga shi. Allah ya ba gwiwoyinka lafiya, Baba Taƙi, don da alama akwai sauran durƙuso a gabanka.